Sharhi: Ba kowace tayar da ta shiga wili ce ke ɗaukar kayan Dakoro ba

Wanda ya tsaya a tashar motar Dakoro ranar kasuwa ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ake kira lodi. Hiyas mai zuwa Maradi takan cika da mutane, a ɗora buhunan hatsi da na wake a samanta, wani lokaci har da awaki. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da za ta nufi Bermo kuwa, sai kaya sun yi tudu sannan fasinjoji su hau kansu. Duk wannan nauyi yana zaune ne a kan tayoyi huɗu, kowacce kuma inda take taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Amma a cinikin taya, daga Dakoro har Maradi, tambayoyi biyu aka saba yi: nawa ce, kuma za ta shiga wilin? Tambaya ta uku, wato kilo nawa take ɗauka, ba kasafai ake jin ta ba, alhali ita ce ta shafi rai.

Amsar tana rubuce a jikin kowace taya. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi a gefenta. Tayar da aka saba gani a ƙananan motoci irin Corolla tana ɗauke da 195/65R15 91H. Lambar 91 tana nufin tayar ba ta wuce kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta ne. Tayar da ta dace da Hiyas kuwa ita ce irin 195R15C 106/104. Harafin C alama ce ta tayar motar haya da ta kaya, 106 kuma yana nufin kilo 950. Dukansu biyu na wili mai inci 15 ne, don haka mai faci zai iya saka kowacce a wuri ɗaya, ya ba ta iska, mota ta tashi. Sai dai tsakaninsu akwai bambancin kilo 335 a kowace ƙafa.

Lissafin ba shi da wuya. Hiyas babu kowa a ciki tana kusan ton 2. Mutum 18, in an ƙaddara kowa kilo 65, sun kai kilo 1,170. A ƙara buhu biyar masu kilo 100, nauyi ya haura kilo 3,600. Tayoyi huɗu masu lamba 106 iyakarsu kilo 3,800, ke nan su ma sun kusa ƙurewa, musamman na baya da suka fi shan nauyi. Tayoyi huɗu masu lamba 91 kuwa iyakarsu kilo 2,460. Motar da ta tashi da su a haka ta ɗora musu fiye da ton guda a kan abin da aka ƙera su dominsa, kuma za ta yi tafiyar kimanin kilomita 120 a kan kwalta, ta Kornaka da Tibiri, kafin ta shiga Maradi. Mutanen Dakoro sun fi kowa sanin cewa kayan raƙumi ba a ɗora wa jaki. A wajen taya ne kawai ake mance wannan.

Sauya wili ya ƙara dagula lamarin. Wilin alminiyom mai ƙyalli ya yawaita a kasuwannin kayan mota na Maradi da Kano, wasu sababbi, wasu an ciro su daga motocin da suka mutu. Hiyas da Hilux mai jan ƙafa huɗu suna da ramukan kusa shida, irin na manyan motocin alfarma da yawa, saboda haka wilin wata yakan hau wata. Matsalar tana fitowa ne bayan an saya. In wili ya ƙaru daga inci 15 ko 16 zuwa 17, 18 ko 20, dole gefen taya ya ragu don ta samu wurin juyawa. Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗaukar kaya, kuma taya mai siririn gefe iskarta kaɗan ce. Tayoyin C masu irin wannan girman suna da wuyar samu, suna da tsada, sai mai mota ya ɗauki wadda ya tarar, galibi ta ƙaramar mota. Hilux da ke tafiya da 205R16C 110, mai ɗaukar kilo 1,060, in aka mayar mata da 215/65R16 98, kowace ƙafa ta koma kilo 750. Motar ta yi kyau a ido, amma ƙarfinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Shi kansa wilin yana da iyaka. Masu ƙira na kirki sukan buga nauyin da yake ɗauka a bayansa. Wilin Japan yana da tambarin JWL in na ƙaramar mota ne, JWL-T kuma in na motar kaya ne ko bas. Wanda ba shi da wata alama ko kaɗan, babu mai iya cewa ga abin da zai jure. Wilin ƙarfe in ya faɗa rami yakan lanƙwashe, bakanike ya buge shi ya miƙe. Na alminiyom yakan tsage, tsagar kuma wani lokaci ba ta bayyana sai iska ta fice gaba ɗaya ana cikin gudu. A hanyoyin burji da na rairayi da ke ratsa kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Rairayin yana kawo wani haɗari na daban. Direbobin arewa sun san sai an rage iska mota ke fita daga yashi, kuma daidai suke. Amma lambar nauyin da ke jikin taya tana aiki ne kawai in iska ta cika yadda aka tsara. Tayar Hiyas mai lamba 106 tana kai kilo 950 ɗin ne a kan iska bar 4.5, abin da gejin masu faci ke nunawa 65. In aka sauke ta saboda yashi, aka hau kwalta ba a mayar ba, gefenta zai yi ta lanƙwasawa a kowane juyi, ya ɗauki zafi, har roba ta rabu da wayoyin da ke ciki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Wannan ba zato ba ne. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da bayansu ya riƙa ɓarewa a motocin Ford Explorer, motocin suna kifewa. Mutum fiye da 200 suka mutu, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi. Daga nan ne Amurka ta yi dokar da ta wajabta na'urar gargaɗin raguwar iska a sababbin motoci. A kusa kuma, ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago na Najeriya, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe. In haka ta samu motar minista a babban titi, to me za a ce da Hiyas mai mutum 18 da tayoyin gwanjo?

Tayoyin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, su ne mafi yawan abin da talakan direba ke iya saya. Da yawansu an cire su ne a Turai saboda sun tsufa ko zanensu ya kusa kai milimita 1.6, iyakar da doka ta yarda da ita a can. Wasu kuma tayoyin hunturu ne masu hoton dutse da ƙanƙara a jiki, waɗanda aka haɗa robarsu don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Shekarun taya ma a rubuce suke: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekara. In an ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na 2016. Manyan kamfanonin taya suna cewa ko da zane bai cinye ba, kada ta wuce shekara 10, kuma daga shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara. Taya tana iya zama da zane mai zurfi, an goge ta da baƙin mai tana sheƙi, alhali robarta ta bushe.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan direba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome, kuɗin dako ya hau, farashi ya bi shi. Direban da ke biyan mai mota balas kullum, ya sayi mai, ya sallami kamasho, in taya ta mutu masa a tasha, wadda aljihunsa ya kai ita zai saka. Lodin da ya wuce ƙa'ida ma yana da tushe: motocin da ke shiga ƙauyuka kaɗan ne, kuma manomin da ya kawo hatsinsa bakin hanya ba zai yarda a bar shi ba. Sai dai araha ba ta ado. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin Hiyas ba ta daɗewa, mai ita zai saya sau biyu ko uku kafin tayar C guda ta ƙare. In kuma ta fashe da mutane, wanda ya ji mummunan rauni sai an kwashe shi zuwa Maradi, a kan wannan hanya dai.

Haramci kaɗai ba zai magance ba. Najeriya ta daɗe da sanya tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, amma ana sayar da su a fili a kasuwanninta. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta kafa doka mai lamba 14 a 2005 don iyakance nauyin manyan motoci, aka kafa ma'aunai a manyan hanyoyi. Wannan doka ta tireloli ce da manyan motocin kaya. Hiyas da Hilux da Land Cruiser, waɗanda su ne ke jigilar mutanen karkara, ba sa hawa sikeli.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a fara karanta lambar. A Faransa, motar da lambar nauyin tayarta ta gaza wadda kamfani ya tsara ba ta cin jarrabawar binciken lafiyar mota. A Jamus, wilin da ba na asali ba sai yana da takardar amincewa. Babu na'ura mai tsada a cikin wannan aiki. Yawancin motoci suna da ƙaramar takarda a jikin ƙofar direba mai nuna girman taya da iskar da ta dace. Ya kamata masu binciken lafiyar motoci a jihar Maradi su riƙa gwada ta da abin da ke ƙafar mota, su hana takarda ga duk motar haya da ba ta da tayar C ko LT. Jandarman da ke tsayar da mota don duba takardu yana iya sunkuyawa ya duba lambar cikin minti guda, in an koya masa. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, ita ce ta dace ta fitar da jadawalin lambobin da nauyinsu a takarda guda, da Hausa da Faransanci, a liƙa a kowace tasha da rumfar faci, a kuma karanta a gidajen rediyon karkara da Hausa, Fulatanci da Tamashek.

Ƙungiyoyin direbobi suna da ƙarfin da hukuma ba ta da shi, domin su ke ba da layi a tasha. In suka ce motar da ke da tayar ƙaramar mota ba za ta yi lodi ba, magana ta ƙare a ranar. Su ne kuma za su iya haɗa kuɗi su sayo tayoyin C da yawa daga dillalan Maradi, su ba 'ya'yansu bashi a biya kaɗan-kaɗan, don kada dokar ta zama hanyar korar talaka daga sana'a. Ma'aikatan duwan za su taimaka in suka bambanta tayar da ta haura shekara 10 da ta hunturu daga sauran tun a bakin iyaka, gwamnati kuma ta duba sassauta haraji a kan sababbin tayoyin motocin haya. Masu faci su ma abokan aiki ne: geji mai kyau da famfo a inda yashi ya ƙare kwalta ta fara zai hana fashewar da yawa.

Ga mai mota kuwa, ƙa'idar gajeriya ce. Kafin a sayi wili, a fara tabbatar da akwai tayar da za ta hau shi mai lambar nauyi daidai da ta asali ko sama da ita, kuma ana samun ta a Maradi in ta lalace. In babu, wilin ƙarfen da motar ta zo da shi ya fi. Fasinja ma yana da haƙƙin ya kalli ƙafar motar da zai shiga, ya nemi harafin C, kamar yadda yake duba haƙoran rago kafin ya biya kuɗi a kasuwar bisashe. Ƙaddara gaskiya ce, amma tayar kilo 615 da aka ɗora wa kilo 900 ganganci ne, kuma lambar da za ta hana shi tana nan a jikin robar tun ranar da aka ƙera ta.