Rabuwar Ƙwayar Halitta: Kada Darasi Ya Tsaya A Kan Kuromosom

Duk ɗalibin babbar sakandare da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a birnin Katsina zai iya jero maka matakan rabuwar ƙwayar halitta ba gargada: furofes, metafes, anafes, telofes. Zai zana maka kuromosom sun jeru a tsakiya, sa'an nan sun rabu gida biyu. Amma tambaye shi abin da ke tsinka ƙwayar kanta har ɗaya ta zama biyu, sai ya ce tantanin da ya kewaye ta ne ke lotsawa. To, me ya lotsa shi? Nan fa gizo ke saƙar. Ra'ayina shi ne muna barin wannan darasi a rabi, kuma rabin da muke tsallakewa shi ne ya fi kusa da rayuwar ɗaliban namu.

Bari mu fara da tantanin. Shimfiɗa biyu ce ta maiƙo, kaurinta bai wuce nanomita 10 ba, wato sai an jera kusan 10,000 kafin su kai kaurin takardar da kake karantawa. A 1972 Singer da Nicolson suka bayyana cewa wannan shimfiɗa tana gudana kamar mai, furotin iri-iri kuma suna yawo a cikinta. Abin da yake haka ba shi da ƙarfin da zai matse kansa. Tilas sai an sami masu ja, da masu lanƙwasawa, da masu yankewa, kuma duk waɗannan ma'aikata furotin ne.

Aikin farko shi ne matsewa. Bayan kuromosom sun rabu, sai wani furotin mai suna RhoA ya taru a ƙugun ƙwayar ta ciki, ya sa a ƙulla zobe na zaren aktin da mayosin, dangin furotin ɗin da ke motsa tsokar damtsenka. Zoben yana manne da tantani, don haka in ya tsuke sai tantanin ya bi shi, kamar yadda ƙugun wando ke tattarewa in an ja zariya. Thomas Schroeder ne ya bayyana wannan zobe tsakanin 1968 da 1973. A 1977 masana biyu na Japan, Mabuchi da Okuno, suka hana mayosin aiki a ƙwan wata halittar teku mai siffar tauraro, sai nukiliyas ya ci gaba da rabuwa amma ƙwayar ta kasa tsinkewa.

Aiki na biyu shi ne samar da ƙarin tantani. Mai fura ta san cewa in ta raba babban dunƙule gida biyu, garin da za ta barbaɗa ya fi na dunƙule ɗaya. Lissafi ya nuna ƙwallo biyu masu rabin cikin na farko suna bukatar ƙarin abin rufi kimanin kashi 26 cikin 100. Ƙwayar halitta tana samun wannan ƙari ta hanyar warware tattarar da ke jikin tantaninta, da kuma 'yan jakunkunan maiƙo da take turowa daga ciki su haɗe da shi.

Aiki na uku shi ne yankewa. Zoben ba ya iya tsinka ƙwayar ƙarƙaf. Yakan bar wata siririyar gada tsakanin 'ya'yan biyu, kamar cibiya tsakanin uwa da jariri. Ungozomar da ke yanke ta wani rukunin furotin ne da ake kira ESCRT-III, wanda ke nannaɗewa a cikin gadar yana tsuke ta har ta tsinke, kowane ɓangare kuma ya rufe ba tare da ya yi yoyo ba. Carlton da Martin-Serrano na Kwalejin King da ke Landan ne suka nuna hannun tsarin ESCRT a wannan aiki a 2007.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan yaron Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa da waɗannan sunaye? Ruwansa yana nan a asibitocinmu duk damina. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro mafi haɗari, Plasmodium falciparum, takan shiga jar ƙwayar jini ta riɓanya nukiliyas ɗinta sau da dama, sa'an nan ta naɗe kowanne da tantaninsa a lokaci guda, da taimakon wani zoben furotin nata na musamman. Cikin kimanin sa'o'i 48 guda ɗaya takan zama 16 zuwa 32, su fasa ƙwayar jinin su fito, kuma fashewar ce ke tayar da zazzaɓi. Da yake furotin ɗinta sun bambanta da namu, masana na nazarinsu don neman inda sabon magani zai kama. Haka ƙwayar cutar ƙanjamau: tun 2001 aka gano tana aron tsarin ESCRT na jikin mutum don ta tsinke daga tantani ta fita ta harbi wata ƙwayar. Ciwon daji ma yana da alaƙa da batun, domin in tsinkewa ta gaza, ƙwaya ɗaya takan tashi da ninkin kuromosom, kuma tun 1914 Bajamushen nan Theodor Boveri ya danganta rikicewar kuromosom da wannan ciwo.

Na san hanzarin da wasu 'yan'uwana malamai za su kawo: manhaja ta cika, lokaci ya yi kaɗan, kayan aiki ba su wadata ba, kuma masu jarrabawa ba sa tambayar RhoA. Duk gaskiya ne. Sai dai ba haddar sababbin sunaye nake roƙo ba. Abin da nake so shi ne ɗalibi ya fita aji da ayyuka uku a kansa, matsewa, ƙari da yankewa, ya kuma san cewa kowanne yana da mai yin sa. Wannan ba zai ci fiye da darasi ɗaya ba, kuma wanda ya fahimci dalili ya fi wanda ya yi hadda daɗewa da abin a kansa.

Batun kayan aiki kuwa, akwai gyaran da ba ya bukatar kuɗi. Gwajin da aka saba yi a makarantu shi ne na saiwar albasa. Yana da kyau wajen nuna kuromosom, amma ƙwayar tsiro ba ta yin ƙugu ko kaɗan, saboda bango mai tauri ya kewaye ta kamar yadda ganuwa ta kewaye tsohon birni. Ita takan tara jakunkunan maiƙo a tsakiya ta gina sabuwar katanga daga ciki zuwa gefe, kamar magada sun raba gida. Ke nan ɗalibin da bai ga komai ba sai albasa bai taɓa ganin yadda ƙwayoyin jikinsa ke rabuwa ba. Maganin yana cikin kududdufan gari. In an yi ruwan dare, malami ya yi sammako ya ɗebo sabon ƙwan kwaɗo a kwalba, ya sa ɗalibai su duba da madubin hannu. In an dace da wanda aka zuba ba da jimawa ba, za su ga tsaga ta bayyana a saman ƙwan tana nutsewa har ya zama biyu, ya zama huɗu. Abin da Prévost da Dumas suka bayyana ke nan tun 1824. Gani ya kori ji.

Saboda haka ina kira ga malaman nazarin halittu na sakandare su haɗa gwajin albasa da na ƙwan kwaɗo a wannan damina, su sa ɗalibai su zana bambancin da hannunsu. Sassan kimiyya na manyan makarantunmu, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, su ma suna da rawar takawa wajen horar da malamai da buɗe ɗakunan gwajinsu ga makarantun da ke kusa. Ku kuma ɗalibai, duk lokacin da littafi ya ce muku wani abu ya faru a cikin ƙwayar halitta, kada ku wuce sai kun tambayi wanda ya yi aikin da yadda ya yi shi. Daga irin wannan tambaya ce aka gano zoben aktin, kuma masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro har yau ita suke yi.