Jakar golf: kafaɗa za a tambaya, ba ido ba

Mai sabon shiga golf, a Achimota ne ko a Kumasi, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne ƙatuwar jakar nan ta ƙwararru da ake nunawa a talabijin. Ni dai a ganina, a bar ta a kanti. Ko babu komai a ciki tana kusan kilo 5, kuma don masu ɗan dako aka yi ta.

Ramuka 18 tafiya ce ta kusan kilomita 8, awa huɗu cikin rana. Jakar goyo mai ƙafa biyu, wadda nauyinta ke wajen kilo 2, ita ce daidai. Amma fa kada a tsaya ga lambar da aka rubuta. A zuba sanduna, a goya, a zaga cikin shagon. Maɗauri biyu masu kaurin soso sun fi komai muhimmanci. Mu malamai kullum muna ganin yadda jaka mai hannu ɗaya ke karkata yaro gefe.

Doka ta ce kada sanduna su wuce 14, ba ta ce sai sun cika ba. Bakwai sun ishi ɗan koyo, sai ya samu wurin gorar ruwa.

Wani zai ce ai yaro zai biya ya ɗaukar masa. To, shi yaron bayan ƙarfe gare shi? Kai kana gamawa sai gida, shi kuwa wataƙila wani zagayen ke jiransa kafin magariba.