Uwargida, Kin Taɓa Shiga Gidan Makama?

 

Hutun makaranta ya ƙarato, kuma kowace uwa ta san abin da ke jiran ta: yara a gida tun safe har dare, wannan ya kama talabijin, wancan ya ɗauke wayarki ya shige ɗaki, ƙananan kuma suna ta dambe a tsakar gida. Shi ya sa a wannan watan nake son in ba ki shawarar wata unguwa da za ki je da su, wadda ba ta da nisa kuma ba ta da tsada, wato gidan tarihi na Gidan Makama.

Na san wata za ta ce ai ta san wurin. Ƙwarai kuwa, duk wadda ta tashi a cikin birni ta san shi, domin yana nan daura da gidan Sarki ta wajen Ƙofar Kudu, kuma mun sha wuce shi a adaidaita sahu za mu Kurmi ko Asibitin Murtala. To amma shiga fa? Ki tambayi mata goma a layinku, da wuya ki sami biyu da suka taɓa taka zaurensa. Baƙi kuwa daga Legas, har da Turawa da suka biyo jirgi, suna zuwa takanas domin su gani.

Masana tarihi sun ce an gina gidan a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, a lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Rumfa ya yi mulki har zuwa 1499, shi ne ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, kuma shi ya kafa kasuwar Kurmi. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun ɗan yi zama a Gidan Makama suna gudanar da harkokinsu, daga baya aka ware wani sashe nasa ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan gidaje. Ɗakuna 11 aka shirya kayan a cikinsu. Ita kuwa sarautar Makama tana nan, mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Yaron da ya riƙe wannan kaɗai ya riga ya ƙaru.

Kafin ki kalli komai, ki fara kallon ginin kansa. Ki sa yaro ya ɗaga kai ya ga yadda aka ɗaure rufin da azara da baka, ba ƙarfe ba siminti. Ki sa ya lura da sanyin da ya ji daga shigowarsa, alhali a waje rana na dukan mutane. Kaurin bangon ƙasa ne ya jawo haka, domin yana shanye zafin rana a hankali, ba kamar bulo da kwano da muke gasuwa a cikinsu idan an ɗauke wuta ba. A nan zai ji sunan tubali, ya ji makuba da ake samu daga ɗorawa ana shafe bango da ita don kada ruwa ya ci shi. Yaran da aka haifa a gidan siminti suna ɗaukar ginin ƙasa alamar talauci ce. A bar su su tsaya a soron da aka yi domin ɗan sarki.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana hana wasu, domin an sha yi mini wannan tambaya a makaranta. Wata za ta ce, Malama, ba gidan gumaka ba ne? Wata kuma tsoron aljanu take yi saboda tsufan wurin. Gaskiya ne akwai sashen da ke ba da labarin Kano kafin Musulunci, zamanin Barbushe da tsafin Tsumburbura a gindin Dala. To ai mu ma a aji, idan muna karantar da Sira, sai mun faɗa wa yara halin da Makka take ciki kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da sunayen gumakan da Ƙuraishawa suke bauta wa. Ba mu taɓa jin wannan ya raunana imanin wani yaro ba, hasali ma da shi yake gane girman ni'imar da ya samu. Haka abin yake a nan. Daga labarin Dala sai ki kai shi ga zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sai zuwan Shehu Magili a zamanin Rumfa, malamin da ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake mulki bisa adalci, wanda kuma Sharifan Kano suke danganta asalinsu da shi. Ga allo da tawada da rubutun hannu irin na malaman da, duk za ki nuna masa. Alƙur'ani ma a wurare da dama ya kwaɗaitar da mu duba yadda al'ummomin da suka gabace mu suka ƙare. Batun aljanu kuwa, ki yi addu'ar fita daga gida kamar yadda kika saba, ki shiga abinki.

Yara maza, a sanina, wurin kayan yaƙi suke maƙalewa, takubba da masu da sulke, sai kuma tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana. Nan za ki ba su labarin ganuwa, wadda aka fara ginin ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Turawa suka kutsa birni a watan Fabrairun 1903, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Abin takaici, ganuwar da yaro zai gani a taswira a cikin ɗakin, idan ya fito waje sai dai ya ga guntayenta. An gine wani wuri, an kwashi ƙasar wani, ƙofofin da yawa kuma an rushe na asali an maye su da na siminti. Idan yaronki bai ga ragowar yanzu ba, wataƙila nasa 'ya'yan hoto kawai za su tarar.

Akwai kuma sashen Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, wanda ni a ganina bai kamata a wuce shi da sauri ba. Sarki Tukur da Yusufu da suka ja daga 'ya'yan wa da ƙani ne, kakansu ɗaya, Sarki Ibrahim Dabo. Rikicin gadon sarauta ya raba gida biyu, aka yi asarar rayuka da garuruwa. Yaron da ya kai shekara goma sha biyu zai fahimci wannan ba sai kin yi masa dogon wa'azi ba, musamman idan a danginku akwai gidajen da rabon gado ya sa ba sa gaisawa.

Amma ɗakin da ya sa na ɗauko wannan magana tun farko shi ne ɗakin amarya. An shirya shi ne irin yadda ake yi wa amaryar da jere, da gadonta da ƙorai da kwanuka. Shawarata a nan ita ce kada ki je ke da yara kawai. Ki roƙi kakarsu ta raka ku, ko Hajiyar maigida ko taki mahaifiyar, ko wata gwaggo da ta manyanta. Jami'in da zai zagaya da ku zai faɗi sunan abu da shekarunsa, aikinsa ke nan, kuma suna ƙoƙari. Amma tsohuwa ce za ta tsaya ta ce, "Irin wannan tasar aka jera mini guda goma sha biyu, kawuna ne ya sayo a Kurmi." Daga nan sai ki ji ta ɓalle da sunaye, wasu suna gabanku wasu kuma tunowa take yi: kumbo, fanteka, adudu, akushi, tandun kwalli, taskira, mazari. Ki gwada tambayar 'yarki mai shekara goma sha biyar ko mene ne adudu, ki ji amsar da za ta ba ki. Kuma kada ki yi mata dariya, domin ba wanda ya taɓa nuna mata.

Shi mazarin nan da taskira kada ki raina su. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. To wa ya kaɗa zaren? Mata ne a cikin gidajensu, bayan sun gama girki. Su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa, sannan zaren ya tafi wurin masaƙa, daga nan marina irin ta Ƙofar Mata, sai mabuga, sai Kurmi, sai bayan raƙumi. Wato arzikin da ya ɗaukaka sunan Kano tun kafin dalar gyaɗa daga hannun kakanninmu mata ya faro, suna cikin kulle, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Ina so 'ya'yanmu mata su ji wannan daga bakin uwa, domin yau akwai masu gaya musu cewa matar da ba ta tsinana komai ba sai zama.

Idan kin fito yaro zai iya ce miki, Umma, ina ƙasusuwan manyan dabbobin nan da muke gani a talabijin? Ki gaya masa gidajen tarihi iri-iri ne. Namu na tarihin gari ne da al'adunsa. Akwai waɗanda aka keɓe domin halittun Ubangiji, kamar wanda ke Landan da aka buɗe a 1881, inda aka rataye ƙashin wata dabbar teku mai tsawon mita 25 a babban zaurensa. Kuma ba sai an je Turai ba. A Yamai, babban birnin Nijar, gidan tarihi na Bubu Hama ya haɗa duka biyun, ga kayan al'adun Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, ga ƙasusuwan waɗancan manyan dabbobi masu kama da ƙadangare da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamadar yankin Agadas. A nan gida Nijeriya ma, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke jihar Yobe ta yanzu ya ci karo da kwalekwalen da masana suka ce ya haura shekara 8,000, wanda ba a sami wanda ya girme shi ba a Afirka. Dabbobi masu rai kuwa, ga gidan zu na Audu Bako, sai a ware masa wata ranar daban.

Wata za ta ce ai makarantar su yaran tana kai su. Haka ne, kuma madalla. Sai dai duk wadda ta taɓa raka irin wannan tafiya ta san yadda take: yara tamanin a mota biyu, malamai uku, a shiga ta nan a fita ta can cikin rabin sa'a, na baya ba sa jin abin da ake faɗa, a ɗauki hoto a bakin ƙofa a koma. Ba laifin malaman ba ne, yawan ne ya fi ƙarfinsu. Yara huɗu da uwarsu da kakarsu sun fi ƙaruwa nesa ba kusa ba.

Saboda haka ki nemi izinin maigida, in ma da hali ya kai ku da kansa, domin shi ma ba mamaki bai taɓa shiga ba. Ku fita da safe kafin rana ta take, kuma ki kauce wa ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci. Ki aika a tambayo kuɗin shiga da lokacin buɗewa tukuna. Ki riƙe ruwan sha, ki ja wa yara kunne tun daga gida cewa kallo ake yi ba taɓawa, sannan ki tambayi ma'aikata kafin a ɗauki hoto. Wayar ma da za ki karɓe ta sai an fito da ya fi, don idan tana hannun yaro kansa zai yi ta ɗauka. Ba dole ne sai kun gama ɗakuna 11 a rana ɗaya ba, inda suka tsaya suna tambaya ki bar su su tsaya. Ki ba kowa takarda da biro ya rubuto sunan abu uku da bai taɓa ji ba, da daddare bayan sallar isha a zauna kaka ta yi bayani.

Idan kun dawo, ki leƙa ƙarƙashin gadon tsohuwa da bayan sif. A gidajen cikin birni da yawa har yanzu akwai tasoshin jan ƙarfe da tsofaffin zannuwan saƙi da allunan kakanni, kuma abin da ke faruwa shi ne da zarar mai su ta rasu sai a kira ɗan gwangwan ya auna a kilo, ya ba da abin da bai kai kuɗin cefanen yini ba, a je a narke. Ki ware ko da guda biyu ne ki wanke ki adana. Ki rubuta sunan mai shi da unguwar da aka kai ta aure da shekarar, gwargwadon abin da ta tuna, ki ninke takardar ki saka a ciki tun tana da ran da za ta faɗa miki.