Karan Rama Ba Shara Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ramar nan da muke kwaɗon ganyenta, muke tufka igiya da ɓawonta, ta shiga mota. Kamfanin Ford na Amurka ya sa zarenta a bangon cikin ƙofar motarsa Escape ta 2013, gauraye da roba rabi da rabi. Gutsattsarin da ke raguwa wajen yanka ba su ruɓewa saboda robar, don haka wasu masana'antu sukan niƙe su, su narkar, su sake aiki da su. Sai da inji da kuɗi.

Namu fa? Tsantsa ne, da kansa yake ruɓewa, amma da mun ɓare ɓawon sai mu tara karan mu cinna masa wuta. A ganina ɓarna ce. Na yarda mata suna bukatar kaɗan don hura wuta, a bar musu. Sauran a kakkarya a shimfiɗa a turken awaki, gama yana tsotse fitsari ƙwarai. In ya jiƙu a kwashe zuwa ramin taki, a riƙa juyawa har damina. Shugabannin ƙungiya, ku kawo maganar a taron bayan sujada tun kafin a yanke rama.