Yoga a bakin teku: abin da na ɗauka, da abin da na bar musu 🧵

1/ Hoto ɗaya na ɗora a WhatsApp ranar Lahadi. Kafin azahar Umma ta kira daga Kano: "Ɗan nan, karatu muka tura ka Indiya ko bautar rana?" Tunda magana ta kai gida, bari in faɗi tawa. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ A Chennai nake karatu. Lokacin jarabawar da ta wuce bayana ya riƙe, wuya ya ƙage, barci sai ƙarfe 3 na dare. Abokin ɗakina, ɗan garin, ya ce in bi shi bakin tekun Marina da asuba. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga ba, ai sai na bi.

3/ Marina yashi ne shimfiɗe, kilomita wajen 13 a gaɓar Tekun Bengal. Gari bai gama wayewa ba amma cike yake: tsofaffi na tattaki, masunta na tura jiragensu ruwa, hankaki na ta ihu. Can gefe mutum kamar 20 sun shimfiɗa tawul. Muka shiga sahu.

4/ Abu na farko da yashi ya koya mini shi ne ƙanƙan da kai. Tsayuwa da ƙafa ɗaya da kake rainawa a kan siminti, gwada ta a rairayi. Ƙasa na zamewa, idon sawu na rawa, yatsun ƙafa na neman abin kamawa. Sau 3 ina faɗuwa. Wata tsohuwa sa'ar kakata na gefena ko gezau 😭

5/ Na biyu numfashi. Malamin ya ce mu ja iska idan igiyar ruwa ta taso, mu sake ta idan ta koma. Minti kaɗan sai na lura kafaɗuna sun sauko. Ashe wata guda ina yawo da su a ɗage kamar mai jiran mari.

6/ Ba zan ce muku magani ba ne. Karatu bai ragu ba, kuɗin makaranta ma haka. Amma bayan mako 3 bayana ya saki, kuma ina iya barci kafin 12. A wurin ɗalibi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

7/ Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bakin tekun nan gabas yake kallo, daga cikin ruwa rana ke fitowa. Tana ɓullowa sai kowa ya fuskance ta, ya haɗa tafuka, a fara Surya Namaskar. Ma'anarsa gaida rana: motsi 12, wasu na haɗawa da kiran sunayenta, wasu da "Om".

8/ Nan na ja baya. Mu da aka hana mu ko nafila a daidai fitowar rana, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Ku lura, a Kano gabas muke kallo mu yi salla, a Chennai kuwa alƙibla tana wajen yamma. Mai fuskantar tekun ya ba ta baya ke nan.

9/ Masu cewa "ai motsa jiki ne kawai", ku yi haƙuri, ba haka ba ne. Tushen yoga addini ne da falsafar Indiya, masu abin ma ba sa ɓoyewa. Ka ce babu komai a ciki, ka yaudari kanka, ka kuma raina masu shi.

10/ Masu cewa duka shirka ne, ku ma ku tsaya. Miƙe baya da jan numfashi ba mallakin wani addini ba ne. Irinsu likitan gashin ƙashi ke ba mai ciwon baya a asibiti, ba wanda ya ce ya yi ridda. Ba a ƙona rumbu don ɓera.

11/ Kuma ba ni na fara wannan rarrabewar ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana mai haɗe da ibadar Hindu, ta bar ta motsa jiki zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasa.

12/ Abin da nake yi: asuba tukuna. In je in yi miƙe-miƙe da numfashi. Ba na furta kalmar da ban san ma'anarta ba. Idan an zo gaida rana in koma gefe in sha ruwa. Na gaya wa malamin dalilina, ya kaɗa kai irin nasu, shi ke nan. Ba wanda ya ji haushi.

13/ In za ka gwada: nemi yashi mai danshi kusa da ruwa, ya fi tauri. Tashi kafin 8, zafin garin ba wasa. Kar ka shiga iyo, an hana a Marina saboda ruwan na ja ta ƙasa.

14/ Da na gama yi wa Umma bayani sai ta yi shiru, ta ce: "To, ka dai riƙe sallarka. Kuma ka cire hoton nan, ƙannen babanka sun ishe ni da waya." Na cire. Gobe da asuba ina Marina, in sha Allah.