Jirgin Farko: Faɗi Ya Fi Gudu

Idan damina ta ja baya, ruwa ya fara kwanciya a fadamun Gulbin Zamfara da ke ratsa ƙasar Kebbe, haka ma a tafkin Romo na ƙasar Tambuwal, lokacin ne magidanta da yawa kan yi tunanin sama wa yaro abin shiga ruwa na kansa, ko gora ko ɗan kwalekwale. Kuɗin kaka sun shigo, yaro ya tasa, ana son ya fara kawo na cefane. A nan ake yanke shawarar da mutane suka ɗauka ƙarama, alhali rai ne a cikinta.

Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Wani uban ya nemi mai arha, ya saya wa ɗansa tsohon jirgin da gwani ya gaji da toshewa. Wani kuma ya biye wa zuciyar yaron, ya sayi siriri mai gudu irin na 'yan tsere, don kada a ce ɗansa na tuƙa na tsofaffi. Duka biyun sun manta cewa mai koyo zai karkace, zai miƙe tsaye inda bai kamata ba, zai jawo homa da ƙarfi ta gefe guda. Jirginsa na farko dole ya zama mai yafe irin waɗannan kurakurai.

Wannan darasi ba namu kaɗai ba ne. A ƙasashen da ke bakin teku akwai wasan hawa allo da iska: mutum ya tsaya a kan allo mai kama da ƙaramin jirgi, ya riƙe babban ƙyalle da aka kafa a sanda, iska na tura shi. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, suka fito da shi fili a jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1960, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1984. Masu wannan wasa sun mayar da zaɓen allon farko lissafi. Kowace lita ɗaya ta girman allo tana ɗaukar nauyin kilo ɗaya a ruwa. Mutum mai kilo 70, idan aka haɗa da nauyin allon da ƙyallensa, yana bukatar kusan lita 90 kafin ma ya tsaya a saman ruwa. Amma mai koyo ba a ba shi wannan. Ana ba shi mai lita 180 zuwa 200, mai faɗi sosai, da ƙaramin ƙyalle. Gwanaye ne ke hawan ƙananan allunan da ke nutsewa da zarar gudu ya tsaya. Wato ninki biyu na bukata ake ba sabon shiga, ragowar kuwa ita ce ke sayen masa lokacin gyara kuskure.

Kakanninmu Sarkawa da Kabawa sun san haka ba tare da alƙalami ba. Duk wanda ya kalli bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya ga yadda masunci ke kifa cikinsa a bakin ƙaton gora, ya rufe ramin da jikinsa, hannuwansa na aiki da homa. Goran da ya yi wa mutum kaɗan yakan juye, wanda ya tsage kuwa yana shan ruwa a ɓoye. Shi ya sa ake kai sabon gora bakin gaɓa a danna shi cikin ruwa a duba ko zai fitar da kumfa.

Ga mai sayen kwalekwale, abin dubawa a bayyane yake. A zaɓi mai faɗin ciki da shimfiɗaɗɗen gindi. A gwada shi cikin ruwa kafin a biya: yaro ya shiga da kayan aikinsa, a duba ko gefen jirgin ya rage aƙalla taƙi guda sama da ruwa. A bar shi ya kwana a ruwa, da safe a ga abin da ya sha. A tafi da tsohon matuƙi wajen ciniki, domin idonsa na ganin ruɓaɓɓen katakon da fenti ya rufe. Sannan a cire kuɗin rigar kariya daga kuɗin jirgin tun farko. Kafin duk wannan, yaro ya iya iyo, don Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

Ba mu manta da Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, inda kifewar jirgi ta ci rayuka 29 a watan Afrilun 2022. Irin wannan rashi kan tayar da maganar manyan jirage da alhakin gwamnati, kuma daidai ne. Sai dai matuƙin gobe yana samun ɗabi'arsa ne tun daga jirginsa na farko. Wanda aka koya wa barin ragowa a ƙaramin kwalekwale, da wuya ya cika jirgin fasinja har baki.

Muna kira ga sarakunan ruwa na Tambuwal da Kebbe su riƙa duba jirgin kowane sabon shiga kafin ya fita shi kaɗai. Iyaye kuma su daure wa ƙorafin yaro. Siririn jirgi na nan yana jiransa bayan shekara biyu ko uku, in Allah ya kai rai. Sannu ba ta hana zuwa.