Sharhi: Kafin a yanka filaye, a nema wa guba da wuta mazauni a Yamai

Sharhinmu na yau zai duba tsarin filaye a birnin Yamai, da inda ake ajiye kayan da ke iya ƙona mu ko su sa mana guba, da kuma inda ake zubar da su bayan sun gama amfani.

Duk lokacin da aka ta da zancen tsabtar Yamai, hankali kan tafi ga motocin kwasar shara da tsintsiya da ranakun aikin gayya. Dukansu suna da amfani. Amma akwai tambayar da ta riga su: in an kwashe, ina za a kai? Su wa ke kwana kusa da wurin? Wane ruwa ke bi ta ƙarƙashinsa? Amsar tana hannun masu riƙe da taswirar gari da alƙalamin sa hannu a takardun filaye, wato ma'aikatar magajin garin Yamai da da'irorinta biyar, tare da ma'aikatar ministan tsara birane.

Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mazauna Yamai kimanin 30,000 ne. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin garin bai daina miƙewa ba, gabas da yamma, arewa da ƙetaren kogi a Harobanda. Waɗanda suka fara tsara birnin sun yi lissafi mai ma'ana. Kogin Isa yana shigowa ta arewa maso yamma ya fita ta kudu maso gabas, don haka aka sa matatar ruwan sha a Gudel, can sama, aka tura unguwar masana'antu da mayanka da majema wajen Gamkale, can ƙasa, inda a lokacin bakin gari ne. A 1965 aka fara dasa zoben itatuwa da zai kewaye birnin, mai faɗin kusan hekta 2,500. A 1984 aka zana babban tsarin raya birnin. Kakanninmu ma haka suke yi a biranen Hausa: majema da karofi da mayanka kowanne da ɓangarensa, ba a haɗa su da ɗakin kwanan yara.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Fili ya zama kuɗi. Ma'aikatar magajin gari ta daɗe tana samun kuɗin shiga ta hanyar yanka filaye, ƴan kasuwa masu zaman kansu suka shigo harkar, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Zoben itatuwan nan an cinye babban ɓangarensa, wani wurin ya zama gidaje, wani ya zama juji. Abin da aka kai bakin gari jiya, yau yana tsakiyar unguwa. A duk wannan rabo, gida ya samu wuri, shago ya samu wuri, gidan mai ya samu wuri, amma mataccen batir da baƙin mai da allurar asibiti da jarkar maganin ƙwari ba a yanka musu ko taƙi ɗaya ba. Abin da ba a ba shi wuri ba kuwa, shi ke zaɓar wa kansa wuri: kwata, kango, tsohon ramin haƙar ƙasa, kwarin Gunti Yena, ko bakin kogi.

Mu fara da wuta, domin ita ce ta fi barin tabo a zukatan mutanen Yamai. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019, wata tankar mai ta kife a gefen babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani. Jama'a suka fito ɗibar man da ke malala, wuta ta kama. Aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu da dama suka cika daga baya a gadon asibiti. Allah ya jiƙansu da rahama. An yi ta maganar talauci da ganganci, kuma gaskiya ne akwai su. Sai dai akwai laifin tsari. Mota mai ɗauke da dubban litocin mai ba ta da dalilin neman wurin tsayawa da tsakar dare a inda ɗaruruwan mutane za su iya isowa da bokiti cikin ƴan mintoci. An gina ma'ajiyar man kamfanin SONIDEP a Sorey, wajen gari, don a nisanta ta da jama'a, ga shi yau gidaje suna bin hanyar Doso suna matsowa. A cikin unguwanni kuma akwai rumbunan tukwanen gas, da ɗakunan da ƴan ruwa-ruwa ke tara jarkokin mai, bango ɗaya tsakaninsu da murhun maƙwabta. A watan Satumba na 2023, irin wannan rumbu na man sumoga ya kama da wuta a Seme Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, mutum fiye da talatin suka halaka.

Wuta dai ana ganinta. Guba kuwa a hankali take cin mutum, babu ƙara babu hayaƙin da zai tara jama'a. Duk wanda ya san kasuwar Katako ya san irin basirar da ke cikinta: tsohon ƙarfe ya koma murhu, gwangwani ya koma tukunya, taya ta koma guga da takalmi. Waɗannan masu sana'a da ƴan jari-bola suna rage wa birnin kaya mai yawa ba tare da an biya su ba. Amma cikin abin da ke shiga hannunsu akwai batir ɗin mota, wanda cikinsa dalma ce da ruwan batir mai ƙuna. In aka fasa shi a ƙasa, aka narka dalmar a fili, ƙurarta takan zauna cikin yashi shekara da shekaru, yaro ya yi wasa a kai ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa batir a cikin gidaje. A jihar Zamfara, a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake dakawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400. Mu kuma tun da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta na 2023, gidaje da shaguna da yawa sun koma ga hasken rana, kowane da baturansa. Batir ba ya wuce ƴan shekaru. Waɗanda aka saya a lokacin suna kan hanyar mutuwa, kuma dole su sauka wani wuri a cikin garin nan.

Haka zancen yake ga sharar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 15 cikin ɗari na abin da wuraren kiwon lafiya ke zubarwa mai haɗari ne: allurai, auduga mai jini, magungunan da suka lalace. Manyan asibitoci suna iya mallakar na'urar ƙonawa. To ƙananan ɗakunan shan magani da suka cika unguwanni fa? In babu wuri guda da aka keɓe musu, da motar da za ta zo ta karɓa, ƙarshenta sharar tana haɗuwa da ta gida. Sharar gidajen Yamai kuwa galibinta yashi ne da ragowar abinci da toka, shi ya sa manoma da masu lambu ke ɗaukarta a matsayin taki. Da zarar an cuɗa ta da batir da allura da kwalbar piya-piya, gubar ta kama hanyar gona, daga gona sai kasuwa, daga kasuwa sai tukunya.

Sannan ga ruwa, wanda ba ya tambayar takardar fili. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa katangar da ke tare shi a Lamorde, ya mamaye Karaje da Kirkisoye da Saga da sauran unguwannin bakin kogi. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga birnin. Duk abin da aka ajiye a kwari, ko takin zamani ne, ko maganin feshi, ko gangunan baƙin mai, ruwa zai kwashe shi ya shigar da shi rijiyoyi, ya bi da shi lambunan Gamkale da gonakin shinkafar Saga, ya gangara wajen Libore da Kollo. Ƙasan kogin da aka ɗauka bayan gari ne a da, yanzu nan ne kwandon abincin birnin.

Masu saurare, doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Tun 1966 Nijar ke da doka a kan wuraren sana'a masu haɗari ko ƙazanta ko damun maƙwabta, wadda ta kasa su aji-aji, ta ce mafi haɗarinsu su nisanci gidaje. A 1989 an haramta shigo da sharar masana'antu da ta nukiliya mai guba, shekara guda bayan abin kunyar da ya faru a garin Koko na Najeriya, inda aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya. Nijar tana cikin yarjejeniyar Bamako ta 1991 a kan irin wannan shara. Akwai babbar dokar muhalli ta 1998, da dokar tsara birane ta 2017, da ta 2018 mai wajabta binciken illar kowane babban aiki kafin a fara shi. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana leda, kuma duk wanda ya fita ƙofar gidansa yau ya san inda ta kwana. Doka tana iya cewa kada a zubar a nan, amma muddin ba a nuna inda za a zubar ba, mai garejin da ya tara baƙin mai zai jira dare ne kawai.

Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, aka ɗora Kanal Boubacar Soumana Garanké a kan birnin Yamai. Wanda aka tara wa iko a hannu, an tara masa alhaki. Ga abin da muke ganin ya kamata a sa a gaba.

Na farko, kowace da'ira ta ƙirga abin da ke cikinta: gidajen mai, rumbunan gas, ɗakunan ajiyar taki da maganin ƙwari, wuraren narka ƙarfe da batir, ɗakunan shan magani. A sa su a taswira guda, a ba ƴan kwana-kwana kwafi, a ba masu unguwanni. Birnin Beirut ya zauna shekaru shida da tan 2,750 na sinadarin taki a tashar jiragen ruwansa, mafi yawan mazauna ba su sani ba, sai ranar 4 ga Agusta 2020 da ya fashe ya kashe mutum sama da 200.

Na biyu, a keɓe fili tun yanzu, da takardarsa da shingensa, don binne shara bisa ƙa'ida, da wani ɓangare na musamman don mai guba. Ya kasance a tudu, nesa da kwari da rijiyoyi, a kuma duba inda iskar hunturu da ta damina ke kaɗawa. Irin wannan fili sai an zauna da ƙananan hukumomin da ke kewaye da Yamai, su Libore da Hamdallaye da Karma da Bitinkoji, a biya masu gonaki diyya ta gaskiya, a hana yanka filayen gidaje a kewayensa har abada.

Na uku, tankokin mai su samu hanyarsu da lokacinsu da tasharsu mai katanga a wajen gari.

Na huɗu, masu fasa batir da masu narka ƙarfe da masu canjin mai a ba su wurin aiki mai daɓen siminti da ruwa da inda za su miƙa abin da ya rage. Kora ba ta kashe sana'a, sai dai ta shigar da ita cikin gidaje inda mata da yara suke, kuma abin da ya faru a Thiaroye ke nan.

Na biyar, kada a ƙara sa hannu a kan wani sabon yankan filaye sai an nuna a cikinsa wurin tara shara da tazarar da ke tsakanin gidan mai da makaranta da kasuwa.

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne aljihun ƙananan hukumomi ba shi da nauyi. Amma keɓe fili a daji yau bai kai tsadar rusa unguwa gobe ba, balle tsadar ran mutum. Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane. Talakan da ya gina kusa da juji ko cikin kwari ba son haɗari yake yi ba, nan ne kuɗinsa suka kai. Shi ya sa rusau kaɗai ba zai zama tsari ba, sai an haɗa shi da filayen da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya a wuri mai aminci.

Mu ma jama'a akwai namu. Mai sayen fili ya tambayi abin da ke maƙwabtaka da shi da abin da aka taɓa zubarwa a wurin. Uwar gida ta ware batir da magani da kwalbar feshi daga sharar da ake kai wa gona, kada kuma jarkar maganin ƙwari ta koma ta ruwan sha. In an ga ana tara gas ko mai a tsakiyar gidaje, a sanar da mai unguwa da hukumar da'ira tun kafin a kira motar kashe gobara. Limamai da malamai su tuna wa mutane cewa kawar da cuta daga hanya sadaka ce, cutar da maƙwabci kuwa haramun ne.

Kiranmu ga kantoman birnin Yamai da shugabannin da'irori biyar da ministocin da abin ya shafa shi ne su fito da taswirar nan, su nuna wa jama'a filin da aka keɓe, su sa masa shinge kafin masu yankan filaye su riga su isa wurin. Allah ya kare birninmu da mazaunansa.